Yadda zafin bazara ya shiga bincikena na ƙudan Fakinsan

Duk wanda zai yi binciken ƙwaƙwalwa da ƙuda a Arewa, kafin ya nemi madubin ƙara girma, kafin ma ya aika a kawo masa ƙudajen, ya fara sayen 'yar na'urar nan da ke rubuta yawan zafi dare da rana. Rashinta ya ci mini zangon karatu guda cur, kuma har gobe in na tuna sai na ji abin ya tokare mini ƙirji.

Aikina na digiri na biyu a kan cutar Fakinsan ne, wadda ke kawo karkarwar hannu da nauyin tafiya saboda mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Da ƙananan ƙudajen nan masu jan ido nake aiki, waɗanda ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, mu a ɗakin gwaji muna ce musu Dirosofila. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ƙudan ba su wuce kimanin 140,000 ba, an ma kammala taswirar yadda suke haɗe da juna a 2024, tamu kuwa ta kai biliyan 86. Duk da haka shi ma yana da ƙwayoyin dofamin. Tun a 2000 Mel Feany da Welcome Bender suka nuna cewa in aka sa masa furotin ɗin ɗan'adam mai suna alfa-sinuklin, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu Fakinsan, to yana tsufa ƙwayoyin nan na mutuwa, hawan bango kuma na gagarar sa.

Gwajin ba wuya. Ka zuba ƙudaje goma a dogon bututun roba, ka buga gindinsa a kan tebur sau uku, duk su zube ƙasa. Lafiyayyen ƙuda ba ya zama, nan take zai kama bango ya miƙe sama. Sai ka ƙirga nawa ne suka haye layin santimita 8 cikin daƙiƙa 10. Da waya nake ɗaukar bidiyon, in ƙirga daga baya a tsanake.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da muke bi mu kunna furotin ɗin a cikin ƙwaƙwalwa. Tsarin GAL4 da UAS ake amfani da shi, wanda Andrea Brand da Norbert Perrimon suka fitar a 1993. Iri ɗaya na ƙudan yana ɗauke da GAL4, wato makunnin, ɗayan yana ɗauke da alfa-sinuklin a kulle bayan UAS, wato makullin da GAL4 ke buɗewa. Sai an haɗa su aure, 'ya'yan ne ke samun duka biyun. Shi GAL4 daga yis aka samo shi, kuma ƙarfinsa yana bin zafi: a digiri 18 yana sanyi-sanyi, a 25 daidai, a 29 kuwa yana zuba furotin ba ƙaƙƙautawa. Kowa ya karanta wannan a littafi. A ƙasashen da ba a ɗauke wuta, layi ɗaya ne a wuce. A nan kuwa shi ne rabin aikin.

A watan Maris na haɗa auren farko. Ana cikin haka taransifomar unguwar ta ƙone, aka koma janareta, shi ma sai lokacin aiki saboda tsadar dizal. Mai kula da ɗakin gwajin yakan tayar da shi da sassafe, don haka kullum na iso inkubeta, wato akwatin da muke renon ƙudajen a ciki, tana nuna 25 tsaf. Abin da allonta ba ya faɗa shi ne halin da take shiga daga la'asar zuwa asuba, da Asabar da Lahadi, a watan Afrilu da zafin rana kan haura digiri 40, bango ya kwana yana huci.

Sakamakon ya zo da kyau har ya ba ni tsoro. Ƙudajen alfa-sinuklin tun suna matasa suka fara kasawa. Sai ka ga ɗaya ya kama bango, ya yi taku uku, ƙafafu na rawa, ya sulale ƙasa ya kwanta rigingine yana wutsil-wutsil. Na kwatance kuwa, waɗanda ba su da furotin ɗin, suna hawa abinsu, sun ɗan rage gudu kawai. Wannan shi ne tarkon. Da zafi ya kayar da rukunin biyu tare, da kowa ya gane. To zafin ta hanyar GAL4 ya fi yin ɓarna, don haka ɓangare ɗaya ya fi dukan, sai abin ya yi kama da cuta zalla. Farfesa ya kalli bidiyon ya jinjina kai, ni kuwa ranar ko abincin dare ban iya ci ba don murna.

Mataki na gaba shi ne gwada tsimin wani ganye da ake sha a gargajiyance, a ga ko zai kare ƙwayoyin. Kafin in gama shiri damina ta sauka, an gyara wuta, gari ya yi sanyi. Ƙudajen da na ciyar da tsimin suka riƙa hawa ras, nesa da abin da na gani a Afrilu. Na ruga ofishin Farfesa na ce, "Ranka ya daɗe, ganyen nan yana aiki." Bai ko ɗago daga takardar ba ya ce, "Ina waɗanda ba su ci ba, na wannan makon? Da su za ka kwatanta, ba da na bazara ba." Akwai su, don shi ya tilasta a ajiye su, kwanan gwajinsu ne bai zo ba. Da ya zo, su ma suka haye layin kamar sauran. Ba ganye ba ne. Cutar ce ta yi sauƙi a kowa.

Na sha wahalar neman dalili. Na zargi irin ƙudan, ko ya gauraya da na waje. Na zargi abincin, na sake dafa garin masara da yis da suga da aga daga farko. Mai kula da ɗakin ne ya gano bakin zaren, yana wanke kwalabe ya ce mini, "Malam, ni fa na lura na bazara sun fi saurin ƙyanƙyashewa, kuma wasu kwalaben ƙwai ne fal amma ba tsutsa." Na buɗe littafin aikina. A digiri 25 daga ƙwai zuwa babban ƙuda kwana 10 ne, na Afrilu kuwa a wajen kwana 8 suka fito. Ƙwan da bai fashe ba kuma alamar mazan sun daina haihuwa ce, abin da ke samun su in zafi ya haura 30. Na raba sabon aure gida biyu, rabi a 25, rabi a 29 da gangan. Na 29 suka dawo mini da sakamakon Afrilu.

Abin da ya fi ci mini rai ba watannin da suka salwanta ba ne. Da an bar ni na kwatanta damina da bazara, da na rubuta cewa ganyen nan yana kare ƙwaƙwalwa daga Fakinsan, da hujjar bidiyo da lissafi, ba tare da niyyar yaudarar kowa ba. Wani ya karanta, ya kai wa mahaifinsa da hannu ke karkarwa, watakila har ya sa shi ajiye maganin lebodofa da likita ya rubuta. Ɗalibai da yawa a jami'o'inmu gwajin tsimin ganye suke yi da ƙuda ko ɓera, kuma yanzu duk takardar da na ɗauka, abin da nake fara dubawa shi ne ko an faɗi zafin da aka yi renon, da kuma ko rukunan biyu a mako ɗaya aka gwada su.

Yanzu 'yar na'urar tana kwana cikin inkubeta, kowace safiya sai na sauke abin da ta rubuta kafin in taɓa kwalba ko ɗaya. In dare ɗaya ya kauce, wannan rukunin ya fita daga lissafi, komai kyan sa. Mun haɗa kuɗi an sa wa inkubetar batir da inbata. Ƙudajen ajiya kuma, waɗanda ba a gwaji da su, a tukunya cikin tukunya suke wuce bazara: babba da ƙarama, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a kai, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana tumatir da kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana hana su mutuwa, abincinsu ma ba ya bushewa da wuri. Amma zafinta hawa da sauka yake yi, da damina kuma ba ta sanyaya sosai, don haka kada wanda ya yi renon ƙudan gwaji a ciki.

Sauran ƙananan abubuwa an san su: a yi gwajin a sa'a ɗaya kowace rana, don ƙuda ma yana ƙailula da tsakar rana, kuma in an sumar da su don tantancewa a ba su kwana guda su warware.

A kundin digirina na rubuta sakamakon 25 da na 29 kowanne daban, na kuma rubuta cewa ban ga tasirin tsimin ba. Abin da ya rage shi ne in fiɗe ƙwaƙwalen in ƙirga ƙwayoyin dofamin da ido, don hawa kaɗai ba ya nuna ko sun mutu. Wannan sai da madubi mai hasken leza, irin wanda ke cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa a 2021. Na riga na fara koyon fiɗar, kuma in Allah ya yarda da hunturu zan kai samfurin.