Kofi guda a Bamberg

Makon jiya na shiga wani ƙaramin gidan dafa giya a garin Bamberg da ke Bavariya ta ƙasar Jamus, aka zuba mini wadda suke kira Rauchbier. Kurɓar farko sai na ji kamar kilishi na tauna, domin a kan wutar itace ake busar da tsiron sha'irin da ake dafa ta da shi, har hayaƙin ya ratsa shi. Ban so ta ba sai a kurɓa ta uku, lokacin da ɗacin ya lafa kuma wani ɗan zaƙi ya bayyana. Mai gidan ya ambaci dokar shekarar 1516, wadda ta ƙayyade cewa da ruwa da sha'ir da furen hops (wani tsiro mai sa wa giya ɗaci) kaɗai za a dafa giya, ni kuwa hankalina ya tafi ga matan da ke shanya tsiron dawa domin burkutu a ƙauyukan Filato.