Jaka 60 ɗin ɗan yayata

Ranar Lahadin makon jiya, bayan la'asar, kasuwar Tawa ta fara watsewa, ina zaune ƙofar ɗan ɗakin da nake naɗar waƙa a unguwar Wadata ina haɗa wata wayar makirufo da ta tsinke, sai ga ɗan yayata. Shekararsa 19. Ya gaishe ni, ya zauna kan benci, ya ciro kuɗi ya ajiye gabana, jaka 60 cif, wato sefa dubu 60. Wansa da ke biɗa a Abijan ne ya aiko masa. Ya ce, "Kawu, ina da waƙa guda. Ka naɗar mini ita, abin da ya rage a yi mini bidiyo in sa a TikTok."

Na ce ya rera in ji. Ya ciro salula zai kunna kiɗan da ya samo. Na ce a'a, da bakinka kawai, ni zan bi ka da piyano. Yaron yana da murya, wallahi yana da ita, irin mai ɗan kaushin nan da ke shiga rai. Amma baiti biyu ya yi numfashi ya ƙare masa, da na ɗaga kiɗan sama kaɗan kuwa sai ya rasa inda zai kama. Na tura masa kuɗinsa. Na ce ranar Asabar muna da biki a unguwar Bilbis, ya zo ƙarfe 2 ya taya mu ɗaukar kaya.

Da dare mahaifiyarsa ta kira ni. Ta ce, "Kai da nake cewa za ka riƙe shi, kai ne ka kore shi?" Na ce, "Yaya, ban kore shi ba, ƙofar da na shiga ce nake nuna masa." Abin da na gaya mata a daren shi nake so in rubuta nan, don ba wata da ke wucewa ban ga yara biyu ko uku irinsa ba, kowanne da kuɗi a hannu da waƙa ɗaya a salula.

Na sauka Yamai a 1998 don koyon gyaran rediyo. Da yamma in na tashi daga wurin maigidana sai in tafi CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa da aka raɗa wa sunan marigayi Alhaji Taya, in tsaya bakin taga ina kallon masu bita. Can wata ƙungiya ta ɗauke ni. Shekara biyu ban taɓa piyano gaban jama'a ba. Ni ne ɗaukar sifiku, ni ne naɗe wayoyi, ni ne zuba wa injin wuta mai. A lokacin ina ganin an ƙware ni. Daga baya na gane cewa mai tsayuwa bayan sifiku ya fi kowa ganin fili. Can na koyi gane lokacin da mata suka gaji da kiɗa tun kafin su zauna. Can na ga yadda mawaƙinmu ke hango uwar amarya ta gyara mayafi, ya san za ta taso, ya juya waƙar zuwa kanta kafin ta iso tsakiyar fili. Bikin Yamai kuma ba na ƙabila ɗaya ba ne. Dangin ango Zabarmawa, na amarya Hausawa, maƙwabta Fulani da Abzinawa, kowa yana jiran a taɓa nasa kiɗan ya tashi. Wanda ya taɓa kallon ƙungiyar kiɗa ta Tal National a Yamai ya san abin da nake faɗi: su yi awa 5 a tsaye, darare da yawa a mako, suna fita daga wannan harshe suna shiga wancan. Wannan ƙwarewar ba kwamfuta ke ba da ita ba. A sutudiyo zan iya gyara maka murya har ta fito sumul, amma ranar da aka miƙa maka makirufo gaban mata 200, ba ni kusa.

Duk yaron da na gaya wa haka, sunan da yake kawo mini ɗaya ne: Mdou Moctar. Ya ce ai shi ma salula ce ta fitar da shi. Gaskiya ne, kuma ɗan jiharmu ne, na wajen Abalak da Cintabaradan. A Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka kai kunnen wani Ba'amurke da ya zo nemansa. To amma me aka tarar da aka same shi? Mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa da wayoyin birkin keke, ya yi shekaru yana kiɗan bukukuwa cikin ƙura. Salula ta kai sunansa nesa, hannunsa ne ya riƙe masa wurin da aka je.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don na ga ta kashe ƙungiyoyin da suka fi tamu iyawa, ta kuma kashe tamu. Mu bakwai ne. A 2006 muka yi wani biki da aka yi mana liƙi na jaka 85 a dare ɗaya, abin da ba mu taɓa gani ba. Da aka zauna rabo, mawaƙi ya ce a goshinsa aka liƙa, don haka rabi nasa ne. Mai kalangu ya ce in ba don hannunsa ba da ba macen da za ta tashi daga kujera. Kowanne yana da gaskiyarsa. Laifin namu ne gaba ɗaya, shekara biyar muna tare ba mu taɓa zama mun yanke yadda za a raba ba, don kullum abin kaɗan ne, kunya ta hana a yi magana. Ranar da ya yi yawa sai kunyar ta tafi. Ba mu ƙara hawa fili tare ba. Mai kalangun ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa, ba su shirya da mawaƙin ba, kuma har yau in na tuna sai in ji da na buɗe baki tun farko.

Tun da na dawo Tawa, littafi nake da shi, irin na ƴan lakwal. Kafin mu fita kowa ya san abin da ke ciki. Liƙi duka cikin jakar kuɗi guda yake shiga, ko a goshin wa aka manna. A cire kuɗin mota da man inji, a cire kaso ɗaya na asusu don gyaran kaya, sauran a raba yadda aka rubuta, kuma yaron da ke ɗaukar wayoyi yana da nasa kason, ba kyauta ake yi masa ba. A ƙirga gaban kowa, a daren, kafin a watse.

Kuma ba na ɗora sifika a mota sai an ba ni rabin kuɗin aiki kafin alƙalami. Na koyi wannan da tsada. Wani babban mutum ya taɓa kiranmu wani gari can arewa, na ji nauyin tambayarsa, muka tafi a kan amana. Muka yi kwana biyu muna kiɗa, aka sallame mu da "za a aiko". Sai da na sayar da sifika ɗaya na biya mai mota da yarana. Neman kafin alƙalami ba rashin kunya ba ne, tela ma yana karɓa. Amma fa in ka karɓa, ka ɗaure kanka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko wani ya zo da ninki biyu a ranar, ka je inda ka yi alkawari, ka je da wuri. Aikin biki a bakin mata yake yawo. Akwai wata hajiya a Kufan Tawa da na yi wa bikin ƴaƴanta huɗu cikin shekara 11, kuma ba zan iya ƙirga gidajen da ta tura ni ba. Ba ta taɓa ganina a YouTube ba. Abin da take gaya wa ƙawayenta shi ne ba na latti, yarana ba sa shaye-shaye a gidan mutane, in an kira salla muna kashe kaya.

Ranar da ka kai ga naɗar waƙar taka, ka kai ta BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha da ke Yamai, a rubuta ta da sunanka kafin ka sake ta. Ka kuma yi magana da mai sutudiyo tun farko a kan wa ke da kiɗan, ka karɓi kwafinka ka ajiye wuri biyu.

Kada kuma ka saki sana'ar hannunka. Bukukuwa suna cunkushewa bayan kaka da gab da azumi, sannan azumi ya zo a yi wata guda shiru, damina ta zo kowa yana gona. Ni gyaran rediyo da sifiku ne ke riƙe gidana a waɗannan watanni. Almeida, jagoran Tal National, ya yi aikin alƙali. Marigayi Malam Maman Barka malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi.

Shi Malam Barka, da ya rasu a 2018, akwai abin da ya yi da nake yawan ba yara labari. Yana da sunansa, ana jin sa ko'ina a ƙasar nan, amma ya tashi ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani tsoho Buduma ya koyi biram, kayan kiɗan nan mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa. Mu nan Adar ba sai mun je nesa ba. Gasar kiɗan zamani da aka fi sani a Nijar sunan makaɗi Ɗan Gurmu take ɗauke da shi, mutumin garin nan. Har yanzu akwai tsofaffi masu goge da gurumi da kalangu a unguwanninmu da ƙauyuka, ba mai zuwa wurinsu. Yaranmu kuwa kowa kiɗan Kano yake so in haɗa masa, har lafazin bakinsa yake sauyawa in ya tsaya gaban makirufo. Ina son waƙoƙin Kano, ina kaɗa su a biki kullum. Amma su suka ƙirƙiro abinsu, sun fi mu kayan aiki da kasuwa, ba za ka fi su a nan ba. Adarancin da kake jin kunyarsa, da kiɗan da kakarka ke rawa da shi, su ne abin da ba wanda zai riga ka.

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe 2 saura ya iso. Bai yi mini magana sosai ba. Ya ɗauki sifiku, na nuna masa yadda ake naɗe waya ba ta karye ciki ba. Gab da magariba na yafuto shi, na miƙa masa makirufo na biyu ya yi amshi a waƙa ɗaya. Muryarsa ta yi rawa a farko, sannan ta zauna. Wata tsohuwa daga dangin ango ta taso ta manna masa takardar dala 100 a goshi. Ya cire ya dube ni, na nuna masa jakar da ke gefen mai ganga, ya je ya saka. Da aka yi rabo kasonsa jaka 2 ne, na rubuta a littafi ya gani.

Jaka 60 ɗin suna hannun mahaifiyarsa. Mun yi da shi cewa duk ranar da ya iya rera waƙa goma a jere ba salula, yana bin piyano duk inda na kai shi, zan naɗar masa tasa ba ko dala. Asabar mai zuwa muna da suna a Sabon Gari, na ce ya zo da uku a ka.