Yadda na sami wanda zan bar wa karena a karkara

Mutumin birni idan tafiya ta kama shi, waya kawai zai buɗe ya ga jerin wuraren da ake ajiye karnuka, ya karanta abin da mutane suka faɗa a kansu, ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Mu mazauna karkara ba mu da wannan gatan. Da tafiya ta taso mini wadda babu halin zuwa da karena, na duba intanet ban sami komai a kusa ba sai wani shafi a Facebook da aka daɗe da yin watsi da shi. Sai na nufi wajen likitan dabbobin da ke yi masa allura. Shi ne yake ganin karnukan bayan sun dawo daga irin waɗannan wurare, ya san wanda ke dawowa garau da wanda ke dawowa da kaska da tari. Bai ɓata sunan kowa ba, ya dai ce in je in gane wa idona.

Wurin farko gona ce mai faɗi, mai ita kuma mutum ne mai fara'a. Ya ce in kawo karen kawai, babu damuwa. Bai tambaye ni komai ba, ko shekarun karen. Muna zagayawa na ga shingen bai kai ƙuguna ba, ga rami a ƙarƙashinsa inda wani kare ya taɓa tonawa. Ruwan da ke cikin baho ya yi gansakuka. A rumfar ajiye kaya, wadda ba ta da ƙofa, akwai maganin ɓera a ƙasa, kuma wannan magani yana kashe kare ta hanyar hana jininsa daskarewa, sau da yawa sai bayan kwanaki alamar ke fitowa. Tumakin maƙwabci suna kiwo daf da wurin. Karen da ya tsallake ya kori dabbobin wani a karkara ba lallai ya dawo da rai ba. Na yi godiya na tafi.

Matar da na je wurinta daga baya ita ta fara titsiye ni da tambayoyi. Ina katin rigakafinsa? An yi masa allurar ciwon hauka, da ta cutar parvo mai sa amai da gudawa, da ta cutar distemper mai sa zazzaɓi da majina? An yi masa ta tarin da karnuka ke ɗauka idan sun taru wuri guda? Yana faɗa da 'yan uwansa? An dandaƙe shi? Yana tsoron tsawa? Ta ce, "Malam, in na karɓi naka babu kati, gobe zan karɓi na wani babu kati, ya zo ya kwana kusa da naka." Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali. Tana da gaskiya kuwa, domin ƙwayar parvo tana iya rayuwa a cikin ƙasa wata da watanni, har ta kai shekara, kare guda mara lafiya ya isa ya gurɓata fili duka. Allurar ma ba ta aiki nan take, tana buƙatar kamar mako 2 kafin ta kama jiki, saboda haka ba ranar tafiya ake yin ta ba.

Shingenta ya kusa mita 2, an binne ƙasansa, ƙofa biyu ce ake bi kafin a fita. Akwai inuwa sosai, abin da nake dubawa ke nan tun da kare da haki yake rage zafin jiki, kuma idan zafin ya tashi daga digiri 38 ko 39 da ya saba ya haura 41, rayuwarsa na cikin haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne nisan asibiti. Na tambaye ta abin da za ta yi idan ya fara amai da tsakar dare. Ta nuna mini motarta da lambar likita a manne a bango, ta sa na rubuta mata izinin kai shi magani ko da ba a same ni a waya ba, da lambar wanda za a kira a madadina.

Kafin ainihin tafiyar na kai shi ya kwana na gwaji. Na haɗa masa abincin da ya saba ci, don canza abinci farat ɗaya yana jawo gudawa, na sa masa tsohuwar rigata a shimfiɗarsa. Da safe ba ta ce mini komai lafiya lau ba. Ta ce bai ci abincin dare ba, ya yi ta kuka har ya gaji, sai da gari ya waye ya saki jiki. Mai faɗin irin wannan ba zai ɓoye abin da ya fi shi girma ba.

Da na dawo daga tafiyar na duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska, na kuma sa masa ido na fiye da mako guda, tun da tarin kan ɓulla ne kwanaki bayan an ɗauka. Babu abin da ya same shi. Karnuka kaɗan take karɓa a lokaci guda, don haka yanzu da zarar na ji ƙishin-ƙishin tafiya, ita nake fara kira.