Abin da ƙira ta koya mini game da wuta: wuƙa, gatari da kayan murhu

Wanda ya shiga ƙira don sha'awa yakan ɗauka aikin duk yana hannun da ke riƙe da masaba. Ba haka abin yake ba. Yawancin wuƙaƙen da ke karyewa da gatura masu ɓantarewa, a wuta aka lalata su, ba a kan uwar maƙera ba. Dukan ƙarfe kowa zai iya koyo cikin 'yan watanni, sanin zafi kuwa shi ke ɗaukar shekaru.

Tun daga zaɓen ƙarfe ake fara kuskure. Baƙin ƙarfen da ake walda ƙofa da shi ba ya ɗaukar tauri, domin sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba. Ko an wasa shi, kafin a gama feɗe rago ya dakushe. Sifirin mota shi ne abokin mai farawa: galibinsa nau'in da ake kira 5160 ne ko makamancinsa, kabon ɗinsa kusan kashi 0.6, yana ɗaukar tauri kuma yana jure duka. Sai dai tsohon sifirin ya sha hanya, yakan ɓoye tsaga ƙanana, musamman kusa da ramin tsakiya inda ƙusa ke riƙe shi, don haka a guji wannan wurin. Duk ƙarfen da ba a san asalinsa ba, a yanki ɗan guntu, a gasa shi ya yi ja, a tsoma a ruwa, a danne gefe guda a buga ɗayan. In ya karye ɓas, zai yi wuƙa. In ya lanƙwashe, a ajiye shi don kayan murhu.

Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da fifita gawayin ƙirya, kuma suna da gaskiya, yana da nauyi, yana daɗewa yana ci, tokarsa kaɗan ce. A farfasa shi ya zama santimita 2 zuwa 3, a tara kamar santimita 10 tsakanin bakin zugazugi da ƙarfen. In iskar tana bugun ƙarfen kai tsaye, ɓawo zai yi ta tashi, kabon ɗin da ke fatarsa ya ƙone, a ƙarshe a sami wuƙar da cikinta tauri, bakinta laushi. Ana dukan sifirin ne launinsa yana tsakanin ruwan lemo da ruwan ɗorawa. Da ya koma ja mai duhu a mayar da shi wuta, domin duka a wannan hali tsaga yake shukawa. In kuwa aka ga ƙarfen da kansa yana tartsatsi, ya ƙone, wannan wurin sai yankewa. Kuma a yi aikin a inuwa. A tsakar rana ido yana ganin ƙarfe ja alhali ya wuce nan da nisa.

Wurin da na fi so mai koyo ya tsaya ya natsu shi ne bayan an gama siffanta wuƙa. Zafin ƙira yana kumbura ƙwayoyin cikin ƙarfe. Wanda ya karya guntun da ya sha wuta fiye da kima zai ga bakin karayar yana ƙyalli, garas-garas kamar gishiri. Mai kyau kuwa toka-toka yake, sumul. Maganinsa a gasa wuƙar har ta daina kama maganaɗisu, a fitar a bar iska ta huce ta har ta yi baƙi, a maimaita sau uku, kowane zagaye zafin ya ɗan gaza na baya. Sannan a gyara fuskar da magagari, a huda ramukan ƙota tun ƙarfen yana da laushi, amma kada a wasa bakin. A bar masa kauri kamar milimita 1. Bakin da ya fi haka siranta murɗewa yake yi ko ya tsage idan aka tsoma shi a mai don ya ɗauki tauri.

Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, sifirin kuwa yana son kusan 830 kafin a tsoma shi, wato a ƙara masa ɗan ja kaɗan bayan maganaɗisun ya sake shi, launin ya zama iri ɗaya daga tsini har gindi. Tsini ya fi saurin ɗaukar zafi, shi ya sa ake fara gasa wajen mai kauri. A tsoma a man gyaɗa da aka ɗumama zuwa digiri 50, aƙalla lita 4 a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, saboda in man ya kama wuta murfi ke kashe shi, ruwa ƙara masa tashi yake yi. A shigar da wuƙar a miƙe, a riƙa motsa ta sama da ƙasa, ban da gefe da gefe, nan ne take karkacewa. Ruwa ya yi wa sifirin saurin sanyaya, ana jin ƙarar tsagewar tun wuƙar tana ciki. Baƙin mai na inji kuma hayaƙinsa guba ne, ban ga dalilin shaƙarsa don a rage kuɗin man gyaɗa ba. Idan ta huce a goga magagari a bakin: in ya zame bai ci ba, ta ɗauki tauri.

A wannan matakin wuƙar ba ta da amfani tukuna, in ta faɗi ƙasa ma tana iya karyewa. Dole a rage mata tauri nan take, kada a bar ta ta kwana. Mai oven ya sa ta a digiri 200 na awa biyu, ta huce, ya sake. Wanda ba shi da shi ya goge fuskar ta yi haske, ya ɗora bayan wuƙar a kan wani ƙarfe mai zafi, ya zuba ido. Launi zai taso daga bayan wuƙar yana gangarowa baki: ruwan busasshen kara, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Da ruwan kara ya iso baki, a tsoma.

Gatari ba ya son taurin wuƙa, tunda aikinsa sara ne, kuma zai haɗu da gaɓar itace. A bar launin ya kai ruwan ƙasa mai duhu ko farkon shunayya, wajen digiri 260. Santimita 3 na bakin kawai ake taurarawa. Wutsiyar da ke shiga ƙota a gatarin Hausa, ko ramin da ƙota ke shiga a irin na Turawa, a bar su da laushi, domin nan ne girgizar sara take taruwa, kuma kan gatarin da ya karye ana tsakar aiki ba ya zaɓen inda zai faɗa.

Kayan murhu na fita daji sun fi sauƙi, kuma ba a tsoma su ko kaɗan. Sanduna uku na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 12, tsawon kowace santimita 120, a naɗe kawunansu a haɗa da zobe, sun isa su ɗauki tukunya a kan wuta. Ƙugiyar rataye tukunya milimita 8 ta wadatar. A lanƙwasa da zafi, kada a bar kusurwa mai kaifi. Rodi yana yi, amma kabon ɗinsa ba tabbas, in aka tsoma shi yana ja zai iya karyewa da tukunya a kai. Ƙarfe mai rufin zinki kuwa, irin bututun famfo da wayar shinge, kada ya kusanci wutar maƙera ko abinci: farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Don hana tsatsa, a goge ɓawon da burushin waya, a shafa man gyaɗa da tsumman auduga ƙarfen yana da zafin da man zai yi hayaƙi ba tare da ya kama wuta ba. Shafa uku siriri sun fi guda mai kauri, wadda danƙo take yi ta riƙa kama ƙura.