Lemu uku, yara huɗu

Ranar Laraba bayan an tashi, mu malamai uku muka zauna muka tsara darasin kason lissafi na aji huɗu tare. Wata abokiyar aikina ta ce kada mu rubuta doka a allo, mu jefa musu tambaya kawai: lemu 3, yara 4, yaya za a raba?

Da na koyar da darasin, abokan aikina biyu na kallo, sai aji ya kaure da gardama. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta zana kowane lemu ta tsaga shi huɗu, ta ce kowa ya ɗauki yanka uku. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Malaman Japan sun daɗe suna haka, ɗaya na koyarwa, sauran na kallo daga baya. Nawa masu kallon sun ce ina saurin katse yara. Gaskiyarsu ce, kuma zan gyara.