Wasiƙa Ga Iyaye a Kan Natsuwar Ƙananan Yara

Assalamu alaikum 'yan'uwa iyaye,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ta fi yawan iso mini daga gida a 'yan watannin nan ita ce yadda za a yi ƙaramin yaro ya natsu, ya tattara hankalinsa wuri guda. Wata uwa ta ce ɗanta mai shekara huɗu ba ya iya zama ya gama rubuta layi ɗaya, wani uba kuma ya tambaya ko a nan Ingila akwai maganin da ake bai wa irin waɗannan yara. Ina so in taɓa maganar barci da ta waya da ta lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya da likitoci ke kira ADHD, amma zan fara da abin da ya fi ba ni mamaki.

Abin kuwa shi ne yadda malaman ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu suke kame bakinsu idan yaro ya duƙufa a kan wani abu. Na tsaya na kalli wata yarinya tana zuba ruwa daga kofi zuwa kwalba, ta juye, ta sake zubawa, hannun rigarta ya jiƙe sharkaf, harshenta a waje saboda tsabar himma. Malamarta tana tsaye dab da ita, amma ba ta gyara mata riƙon kofin ba, ba ta naɗe mata hannun rigar ba, ko sannu ba ta ce mata ba, sai da yarinyar ta ajiye kofin da kanta ta ɗago kai sannan ta yi mata magana. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce mini yabo ma, idan ya zo a tsakiyar aiki, katse yaro yake yi.

Wannan tunani ya daɗe. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta ba da labarin wata yarinya mai kimanin shekara uku wadda ta yi ta saka wasu 'yan katakai a ramukansu tana cirewa fiye da sau 40, har aka sa sauran yara suka yi waƙa a kusa da ita, amma ba ta ɗago ba. Yaro yana da natsuwa tun asali, a kan abin da ya ja hankalinsa take fara tsiro, kuma da yawan maimaitawa take ƙarfi.

A nan ne nake ganin mu manya muke da hannu dumu-dumu. Yaro ya zauna yana jera murafen kwalba, sai a kira shi ya miƙo wani abu; ya koma, sai a ce ya tashi daga nan; ya sake komawa, sai wani ya karɓe murafen ya nuna masa yadda ake yi. A wuni guda mun katse shi ba adadi, sa'annan da yamma mu ɗora masa fensir mu ce ya natsu. Kuma a tuna cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe hankali ya hana shi tarwatsewa, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, don haka 'yan mintoci kaɗan da ɗan shekara huɗu zai bayar a kan aikin da aka sa shi ba gazawa ba ce.

Akwai katsewar da ba mu ma lura da ita. A wani bincike da aka buga a 2008 daga Jami'ar Massachusetts a Amurka, an sa yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku suna wasa, wani lokaci talabijin a kashe, wani lokaci a kunne yana nuna shirin manya. Duk da cewa ba kallon suke yi sosai ba, lokacin da suke ɗauka a kan abin wasa guda ya ragu idan yana kunne. Sauti da hoto suna fizgar ido, in yaro ya juyo kuma, ya manta inda ya tsaya. A 2016 kuma, masu bincike biyu na Jami'ar Indiyana, Chen Yu da Linda Smith, sun nuna cewa jariri ɗan shekara ɗaya yakan fi daɗewa yana kallon abin wasa idan uwa ko uba na kallon abin tare da shi. Ke nan idan kika zauna kusa da shi idonki na kan waya, ba ki ba shi abin da yake nema ba. Ki bar shi ya zaɓi abin da zai yi, ki bi shi da ido, ki ambaci sunan abin da yake riƙe da shi, ki yi shiru.

Game da waya da talabijin, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 a fili take: kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Shawarar ta kuma nemi a bar yara su motsa jiki na aƙalla minti 180 a wuni, shi ya sa a nan ko ana tsananin sanyi sai an sa musu riguna masu kauri an fitar da su fili, sukan dawo aji jikinsu ya saki. Barcin ɗan shekara uku zuwa huɗu awa 10 zuwa 13 ne, har da na rana, kuma yaron da bai ƙoshi da barci ba sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa maimakon gyangyaɗi.

Idan za a sa shi aiki, a ba shi umarni ɗaya tak, a durƙusa daidai tsawonsa, a kira sunansa, a jira ya kalle ka kafin a faɗa. A rage kayan wasan da ke gabansa zuwa biyu ko uku. Tsawa da duka suna sa yaro ya zauna ƙyam, amma hankalinsa yana kan hannunka, ba kan littafin ba.

Maganar ADHD tana buƙatar wasiƙa tata daban. A taƙaice, likita ne ke tabbatar da ita, bayan alamomin sun ɗauki aƙalla wata shida kuma sun bayyana a gida da makaranta duka, don haka kada a saya wa yaro magani bisa labarin wani. Kafin a kai ga nan, a fara duba kunnensa da idonsa, a kuma gwada jininsa, domin yaron da ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allo, ko yake fama da ƙarancin jini, shi ma yakan yi kama da marar natsuwa.

Wassalam,
'Yar'uwarku daga Ingila