Saka yaro a babban tim ba shi ne wahalar ba, a samu mai cire shi ya huta

Ni nake riƙe da 'yan ƙasa da shekara 18 a kulob ɗinmu, kuma ni na dage sai da aka hawo da yaron nan babban tim, har gobe kuma ina kan bakana cewa ya cancanta. Shekararsa 17, winga ne na hagu, siriri, amma in ya ɗauki ƙwallo ya fuskanci difenda sai ka ga babban mutum yana ja da baya yana neman agaji.

Gardamar da aka sha kafin a saka shi kowa ya san irinta, wai yaro ne, manya za su karya shi, a bari ya ƙara ƙwari. Na tuna musu Manchester United a 1995, Aston Villa ta ci su 3-1 a wasan farko har mai sharhin ƙwallo Alan Hansen ya ce ba a cin komai da yara, ƙarshen kakar kocinsu Ferguson ya ɗaga Firimiya da kofin FA da su Beckham da Scholes da Butt. Rashford ma ai a 2016 don Martial ya ji ciwo wajen motsa jiki aka jefa shi wasan United da Midtjylland ta Denmark, ya ci biyu, bayan kwana uku ya ƙara zura wa Arsenal biyu. Da ƙyar dai suka yarda, aka saka yaron namu bayan hutun rabin lokaci, ya yi abin da na san zai yi, shi ke nan.

Abin da ban taɓa zato ba, wallahi, mutanen da suka ce yaro ne ba zai iya ba, su ne suka hana shi hutawa. Lahadi minti 90, Laraba minti 90, Lahadi kuma minti 90, ga tirenin ɗin manya wanda shi kansa ya ninka na akademi nauyi, sannan da wasan kofin matasa ya zo aka ce a aro mana shi ya buga wannan ma, na ce ba na so, aka ce umarni ne daga sama. Yaro ɗaya, tim biyu.

Wata rana bayan tirenin na same shi zaune a benci yana kwance igiyar but, ɗayan hannun yana danna bayan cinyarsa da babban yatsa, yana ganina ya janye hannun. Na ce me ya samu ƙafar? Ya ce "lafiya lau Koc, ba komai." To ai dama haka zai ce. Yaron da ya samu rigar da yake mafarki tun yana ƙarami ba zai taɓa buɗe baki ya ce ya gaji ba, tsoro yake in ya zauna wasa ɗaya wani ya gaje wajen. Duk mai aiki da yara ya riƙe wannan, kar ka tambaye shi ka tsaya a kan amsarsa, ka kalli yadda yake tashi daga zaune, ka kalli ko gudunsa na farko ya ragu, ka kalli inda hannunsa yake zuwa in yana ganin ba mai kallonsa.

Na je wajen babban koci, ya ce ya gani shi ma, amma kujerarsa na rawa. Mai duba lafiyar 'yan wasa ya rubuta a hutar da shi. Na samu ciyaman da kaina na ce ranka ya daɗe a ba yaron nan wasa biyu ya huta, ya ce "Koc, shi 'yan kallo suke zuwa gani, a bari bayan wannan wasan." A wannan wasan ne tsokar bayan cinyar ta yage. Ba wanda ya taɓa shi fa, gudu kawai ya ɗiba a gefen layi ya tsaya cak ya dafe ƙafa. Har yanzu in na tuno kalmar nan ta "bayan wannan wasan" raina ɓaci yake.

Kuma ba sabon abu ba ne balle a ce ba a sani ba. Pedri yana ɗan shekara 18 ya buga wasa sama da 70 a kakar 2020-21, Barcelona, gasar Euro, daga nan ya wuce Olamfik a Tokyo, da aka dawo cinya ta kwantar da shi watanni. Can da suke da likitoci da na'urorin auna gajiya ke nan, ina ga mu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar da ta biyo baya, wai ai dama mun faɗa, jikin yara ba ya ɗauka. A kan haka aka rufe ƙofa ga wasu yara biyu da suka kai a gwada su, alhali ba ƙuruciyarsa ce ta karya shi ba, lodin da aka yi masa ne.

Shawarata ga duk kocin akademi, kafin yaronka ya taka fili a babban tim ku zauna da babban koci da shugabanni a rubuta minti nawa zai buga a sati, a rubuta cewa ba ya yin wasa biyu cikakku a cikin kwana huɗu, kuma tim ɗaya zai yi wa wasa. A yi shi tun kafin ya ci ƙwallo, domin daga ranar da ya ci ba wanda zai ƙara sauraronka. A haɗa shi kuma da wani babba a tim, kaftin ko wani mai hankali, yaro ya fi faɗa wa ɗan wasa ɗan'uwansa gaskiya a kan koci.

Alhamdulillahi yaron ya fara gudu a hankali yanzu. Ina kuma da wani ɗan tsakiya da ya isa a hawo da shi, babban koci ya tambaye ni shi, na ce masa sai ciyaman ya sa hannu a takardar mintuna tukuna.